Ruf da Ciki

An ɗauke wuta tun bayan isha'i,
fanka ta yi juyi biyu ta tsaya,
muka ja tabarmi tsakar gida
ƙarƙashin dogonyaron da bai ko motsi.
Ni na dawo daga Babbar Kasuwa,
ƙafata ba ta daina taka keken ɗinki ba
ko da na cire takalmi.

Ga Barira can,
shekara biyu saura wata uku,
ta kife kamar ƙwaryar da aka gama wankewa:
gwiwa a ƙarƙashin ciki, ɗuwawu sama,
kunci ɗaya manne da tabarma,
guntun ƙuli-ƙuli a dunƙule cikin hannu,
ko barawo ba ya ƙwace shi.

Inna Tsahara ta ɗago daga carbi:
"Kai, juya ta.
Wannan ba kwanciyar mutanen kirki ba ce.
Dama ake kwantawa, fuska gabas,
haka na kwantar da ku, ku bakwai."
Na juya ta a hankali
kamar mai ɗaga yadin wani mai tsada.
Kafin in kai buta bakin rariya
ta yi tsaki cikin barci, ta koma.

Sahura ta yi dariya cikin zane:
"A wurin awo na tambaya.
Madam ta ce jariri ake kwantarwa rigingine.
Wadda ke hawa turmi,
wadda ta kori akuyar Malam Ila har bakin titi,
ita za ta zaɓi gefenta."
Inna ta ce, "Madam ta haifi nawa?"
Ba wanda ya amsa.
Sauro ya ci gaba da nasa wa'azi.

Ni ban sa baki ba.
Akwai wani kafin Barira,
Harisu, kwana arba'in da uku.
Rigar da na yanka masa ta Sallah
tana ƙasan akwati, ba hannu ɗaya.
Da safe muka same shi, shiru,
ban san ta wane gefe ya kwanta ba,
ban tambaya ba, har yau ba na so a faɗa mini.

Shi ya sa idan gida ya yi tsit
nakan matso in ɗora tafina a bayanta.
Ya tashi. Ya sauka.
Ya tashi.
In ƙirga har ɗari, in ɓata lissafi, in sake.

Me kike saurare a ƙasa, 'yar tela?
Gyaɗar bara da ta ɓuya wa masu roro?
Ko ruwan Gulbi da ya shige yashi
yana jiran damina ta kira shi da suna?
Ko gurnanin manyan motocin Ɗan Isa
da ke ratsa hanya da tsakar dare?
Mu manya sama muke kallo,
muna jiran hadari, muna jiran wuta, muna jiran albashin wani.
Ke kin rungume ƙasa da hannu biyu
kamar an ce miki za ta gudu.

Wajen asuba iska ta tuna da mu.
Ban ji ladanin Bagalam ba.
Abin da na fara gani, fuskarta dab da tawa,
saƙar tabarma kwance a kuncinta,
layi bisa layi, ba zare, ba allura,
aikin da duk Maraɗi babu telan da ya iya.
Ta sa yatsa ta taɓa nawa kuncin.

Sai muryar Inna daga bakin murhu,
tana fifita wuta da faifai:
"Sahura, zo ki gani.
Ƙato da gemu, ruf da ciki, baki a buɗe.
Shekara bakwai ina juya shi yana komawa.
Ashe gado ne. Ku tashi, rana ta fito."